Matakalar Benen Baffa

4 ga Maris

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da ƙafa da ido da komai. Ni lafiya ƙalau, sai zaman kujera da ke neman lanƙwasa mini baya tun ban kai talatin ba. Na kira wayarka sau huɗu a makon nan, kullum a kashe. Baba ya ce ka jefa ta akwati, wai duk abin da aka faɗa a cikinta gida duka na ji. Shi ya sa na koma takarda, zan ba direban da ke biyowa ta layinku ya miƙa maka hannu da hannu.

Taimako nake nema, kuma kada ka yi dariya. Ka san aikina haɗa wasan kwamfuta, wanda kake cewa ana biyana ne don in yi wasa. Wanda muke yi yanzu, ka ɗauka an yanka dogon bene gida biyu kana kallonsa daga gefe, kowane hawa a buɗe. A ciki akwai wani dattijo mai gyaran wuta, yana bin ɗakuna yana gyara fitilu. Mai wasa yana da maɓalli huɗu: hagu, dama, sama, ƙasa. Tafiya a fili ba matsala. Matakala ce aka ɗora mini, kuma ta hana ni sakat.

In dattijon ya iso gindin matakala, mai wasa na danne da dama, hawa zai yi ko wucewa ta gefenta? Na sa ya hau da kansa, masu gwaji suka ce matakala na sace su alhali ƙofar gaba suka nufa. Na ce to sai an danna sama, suka yi ta dannawa yana tsaye yana kallonsu, don ya gota wurin da kaɗan. In an saki maɓalli a tsakiya kuwa, sai ya sandare ƙafa ɗaya a sama kamar kazar da ta ji sanyi. Ogarmu ta ce in daina aiki da zato, in je in kalli yadda mutum ke hawa. A nan ofis kowa lif yake shiga, ba mai hawa da ƙafa.

Sai na tuna ina da magini a gida, wanda ya gina matakalar benenmu da hannunsa, yake kuma hawanta shekara talatin. Baffa, mataki nawa ne? Tsayin kowanne fa? Wace ƙafa kake fara ɗorawa? Kana dafa ƙarfen gefe? Kana tsayawa a hanya? Hawa da sauka wanne ya fi cin lokaci? Ka rubuto mini duka, kada ka rage komai.

'Yarka, mai wasa a biya ta

*

12 ga Maris

'Yar Baffa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na duba bakin ambulan da kyau kafin in buɗe, ban ga alamar an taɓa ba, ko da yake wanda ya iya buɗewa ya iya mayarwa. Lafiyata lau. Ƙafa lau, ido lau, tunda kin tambaye su ɗaya bayan ɗaya kamar likita.

Shekara uku kina can, gaisuwarki sai a bakin mutane. Yau ga shafi biyu, kuma duk a kan matakala. Abin ya ba ni mamaki, don wata biyu ke nan ba a maganar komai a gidan nan sai ita. Tun ranar da silifas ya zame mini na ɗan zauna a kanta, babanki ya ɗaura ɗamarar sauko da ni ɗakin ƙasa, na jikin kicin, inda muke jibge buhunan siminti a da. Wai tausayina yake ji. Ni na riƙa saɓa shi a kafaɗa ina kai shi makaranta, yau shi ke tausayina. Ban ce don yayanki na neman inda zai sa iyalinsa ba ne, amma na ga yadda babanki yake kallon bangona in ya hawo gaishe ni.

Ɗakin nan ni na ɗora shi, bulo bayan bulo. A nan muka zauna da marigayiya shekara ashirin da shida, a nan ta cika. Ba inda za ni.

To ga amsarki, ki kai wa duk wanda ya aiko ki, ko kwamfuta ce ko mai gemu ne. Mataki goma sha huɗu ne, kowanne inci bakwai cif, ba wanda ya ɗara wani. Bibbiyu nake hawa. Ƙarfen gefe don baƙi da mata masu ciki na sa shi, ni hannuna bai san sanyinsa ba. Tsayawa a hanya kuma, me na manta a can da zan tsaya? Sauka ta fi hawa sauri, kafin ki ce bismillah ina ƙasa. In an kira ni ina tsakiya, a kan ƙafa ɗaya nake juyawa.

Wannan dattijon naki mai gyaran wuta, shekarunsa nawa? Tambaya ce kawai.

Baffanki

*

20 ga Maris

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin lafiyarka, ni mura ce ta ɗan taɓa ni ta wuce. Wallahi na yi dariya har abokan aiki suka leƙo. Ba wanda ya aiko ni sai ogarmu, ita kuwa ba ta da gemu. Zancen zamewar nan Baba ya ce mini ba wani abu ba ne, ga shi takardarka ta tabbatar. Har na karanta masa ita a waya, don ya ji ya ƙyale ka ka sha iska a benenka.

Dattijon sa'anka ne, kusan saba'in, kuma yanzu tafiyarka na ba shi. Na cire dafa ƙarfe gaba ɗaya. Da an danna sama yana kusa sai ya haye bibbiyu, in an danna ƙasa ya gangaro a guje, ya juya duk inda aka so. Ranar goma ga watan gobe zan nuna wa manya.

Saura tambaya biyu. Ka taɓa kuskure mataki, ƙafa ta nemi wuri ta rasa? In ka taɓa, a na nawa ne? Kuma in kana ɗauke da kaya yaya kake yi? Dattijon nawa akwatin aiki ne a hannunsa.

'Yarka

*

27 ga Maris

Malama Injiniya,

Lafiya lau, kamar yadda na faɗa a baya, sai ki ƙara a rahoto.

Ashe karanta masa kike yi. Na gode da kika faɗa da bakinki, kin hutar da ni bincike. Ranar da kika karanta masa ya hawo ya tsaya a ƙofata ya ce, "Yaya, ashe bibbiyu kake hawa?" Na ce eh. Ya ce, "Ma sha Allah," ya juya. Na san wannan ma sha Allah ɗin nasa tun yana yawo ba wando. Washegari sai ga mai fenti a ɗakin ƙasa.

Sannan ki zo kina tambayata a mataki na nawa na kuskure. Wace kwamfuta ce ke son sanin wannan? Har da lamba fa! Wannan tambayar mai tara hujja ce. Ni na koya miki riƙe fensir a bayan takardar buhun siminti, ban san ni za a rubuta da shi ba.

Ban taɓa kuskurewa ba. Kaya kuwa, hannu biyu nake cikawa in hau ina waƙa. Kada ki ƙara aiko mini da tambaya.

Maginin gidan

*

9 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa. Ban san lafiyarka ba, don kai ba ka faɗin gaskiyarta. Ni dai ina nan. Na yi shiru mako shida ne don takardarka ta ƙona mini rai, sau uku ina rubuta amsa ina yagawa.

Na nuna aikin. Mutum takwas a ɗakin taro, babban allo a bango. Dattijona ya iso gindin matakala ya haye kamar kare ya biyo shi. Aka fara murmushi. Mai gwajin ya so ya tsaya a hawa na biyu, saurin ya kwashe shi ya kai shi na uku. Da ya zo sauka, ɗan taɓa maɓallin kawai ya yi, dattijon ya sulale har ƙasa da akwatinsa, ko girgiza bai yi ba. Sai dariya ta ɓarke. Ogarmu ta ce, "Wa kika kalla yana hawa haka?" Na ce Baffana ne, shekararsa saba'in. Ta ce, "Kin gan shi da idonki?" Na ce a'a. An ba ni zuwa ƙarshen watan nan, in ban gyara ba a miƙa wa wani.

Wannan duk mai sauƙi ne. Daga baya na kira Baba na ce ya faɗa mini gaskiya. Ya ce ba zama ka yi ba, gangarowa ka yi tun daga sama da rabi, mutum biyu suka ɗauke ka, ka yi mako ba ka taka ba. Wai ya ɓoye mini ne don kada hankalina ya tashi. Sannan ya ce, tunda ni kaɗai kake rubuta wa, in ci gaba da tambayarka, abin da ka faɗa in sanar da shi.

To ka ji. Ranar da na fara rubuto maka ba wanda ya aiko ni, Allah ne shaida. Yanzu kuwa an aiko ni, ga shi na faɗa maka. Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba, cewa na yi caji ya ƙare. Ka zarge ni da abin da ban yi ba, ka cika mini hannu da ƙarya, na ɗauka na kai gaban mutane ina taƙama da kai. Taƙamar nan da na yi ita ta fi ci mini rai.

Babu tambaya a wannan takardar, kamar yadda ka ce.

'Yarka

*

15 ga Mayu

'Yar Baffa,

Salamu alaikum. Jiki da sauƙi. Gwiwar hagu ce, sai kuma ƙugu in na daɗe a zaune. Kin ga na fara.

Na karanta takardarki sau biyu. Na farko ina neman inda tarkon yake, don har yanzu ban ga dalilin da ɗan aike zai tona kansa ba, sai in sabuwar dabara ce ta 'yan boko. Na biyu kuma na tsaya a inda aka yi miki dariya. Wannan ban so ba. Duk aikina ban taɓa ba mai gida awon ƙarya ba, sai ga shi na ba 'yata. Ki yafe ni.

Ɗauki fensir. Amma wannan takardar tsakanina da ke ce. In ta kai kunnen babanki, ki sani ɗakina kika miƙa masa.

Mutum ba a gindin matakala yake niyyar hawa ba. Tun saura taku biyu hannu ke fita neman ƙarfe, kafin ƙafa ta san zancen. Wanda zai wuce ba ya miƙa hannu. Ƙafa mai lafiya ke fara hawa, mai ciwon ta biyo ta same ta a mataki ɗaya, sannan a sake. Ba mai tsayawa ƙafa a sama, ko wuta aka ce ta kama sai ka ƙarasa takun. Juyawa kuwa sai ƙafa biyu sun haɗu, a saki ƙarfe da wannan hannu a kama da wancan. Kaya hannu ɗaya ne, ɗayan na ƙarfe ne, abin da bai ɗauku da hannu ɗaya ba sai ya jira wani. Ina hutawa a na bakwai, in yi kamar bango nake dubawa.

Hawa gajiya ce kawai, sauka ita ce abar tsoro. A sama nakan tsaya a baki, in tura ƙafa mai ciwon tana laluben gefen mataki, sai ta tabbatar sannan in sakar mata nauyina. Takun farkon nan shi ne aikin.

Kin tambayi na nawa. Na tara ne, in an ƙirgo daga ƙasa. Na ce miki duk inci bakwai ne, to ba haka ba ne. Ƙafa tana haddace tsayin mataki tun a na uku, daga nan ba ta ƙara tambayar ido, shi ya sa dole magini ya daidaita su. Ranar da na zuba simintin mataki na tara, katakon da ke tare shi ya ɗan ɗaga, matakin ya fi 'yan'uwansa da faɗin yatsa ɗaya. Na gani washegari bayan ya kama. Ina da aiki a wani wuri, na ce zan dawo in fasa in sake, ga shi shekara talatin. Ba wanda ya sani, har marigayiya, ita dai takan ce wannan matakin ba ya ƙaunarta. Duk tsawon lokacin nan ƙafata na sane da shi, ranar nan ce ta manta. Silifas ba shi da laifi.

Ki gyara dattijonki. Ki kuma rubuto ki gaya mini wa kika karanta wa wannan.

Baffanki

*

26 ga Mayu

Baffana,

Na yafe, kai ma ka yafe mini zafin bakina. Yaya gwiwar? Ni lafiya. Ba wanda na karanta wa, tana cikin jakata. Baba ya kira sau biyu, na ce masa maganar inci muke yi.

An karɓi aikin. Yanzu in dattijon ya matso saura taku biyu, sai hannunsa ya miƙe wajen ƙarfe. Mai wasa ya ga hannun ya san in ya danna sama za a hau, in ya ci gaba da dama hannun ya sauka a wuce. Matakala ba ta ƙara sace kowa ba. In an saki maɓalli yana ƙarasa takunsa ya haɗa ƙafa. A sama kuwa, dannawar farko ƙafa kawai yake turawa ta laluba, sai an ci gaba da dannewa yake sauka. Mai gwajin nan da ya fi kowa dariya ya ce har numfashi ya ɗauke bai sani ba. Ogarmu ta ce wannan karon na kalli mutum.

Amma ni ba na iya gwada wurin saukar. Sau ɗari a rana ake so in danna, kowane dannawa kai nake gani a bakin nan, sai in miƙa wa na kusa da ni ya gwada.

Yanzu ni ce da zargi, ka yi haƙuri, a wurinka na koya. Direba ya ce takardarka ta ƙarshe ba a ƙofa ka ba shi ba kamar kullum, ta taga ka zuro ta cikin bokiti da igiya. Yana faɗa yana dariya, wai Baffa ya zo da sabon salo. Baba kuma ya ce kwanan nan wasu zanen gini kake dubawa, ka ce a riƙa hawo maka da abinci kada a katse ka. Wane zane, Baffa? Shekara takwas da barinka aiki. Na sake karanta takardarka. Ka faɗi hawa dalla-dalla, ka faɗi takun farko na sauka, ba ka ce komai a kan sauran ba.

Ban faɗa wa Baba ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma riƙon ya yi mini nauyi, tsoro nake ji. Tambaya ɗaya ce, ba ta kwamfuta ba ce, ba ta Baba ba ce, tawa ce. Yaushe rabonka da sauka?

'Yarka

*

29 ga Mayu

'Yar Baffa,

Lafiya, alhamdu lillahi. Wannan direban bakinsa ya fi motarsa gudu.

Kwana goma sha shida.

Da takardarki mai zafi ta zo, na ce ba zan ƙara ba ki awo da ka ba, sai na gwada. Na hau ina lura da kowane taku, na rubuta. Da na zo sauka na tsaya a baki na tura ƙafa ina kallonta, sai ta ƙi. Shekara talatin tana aikinta ban taɓa tsare ta da ido ba. Na lallashe ta, na zage ta, ta ƙi. Na koma na zauna. Shi ya sa kika ga bayanin ya tsaya a nan, ba ni da sauran.

Ina da banɗaki a sama, abinci na isowa, na ce ai ga ɗakin da nake faɗa a kansa na samu, ba mai raba ni da shi. Ran nan mai shagon bakin layi ya rasu, abokina na shekara arba'in. Ta taga na raka shi.

Yau da hantsi na kira babanki. Na ce ya tsaya a ƙasa, kada ya hawo, kada ya taɓa ni. Na zauna a matakin sama na sauko da mazaunai, ɗaya bayan ɗaya, gida duka na kallo. Da na iso babanki ya juya baya, wai wani abu ne ya faɗa masa a ido. Na daɗe ina zarginsa ɗaki yake so. Wataƙila yana so, ban wanke shi duka ba. Amma ya sa an fasa dokin ƙofar ɗakin ƙasan an shafe shi daidai da tsakar gida, ko taku ɗaya babu, ban sani ba sai yau. Shafen a karkace yake, duk wanda ya yi shi ba magini ba ne.

A ɗakin nake rubuto miki. Kayana suna sama, gadon, da kayan awona, da akwatin marigayiya. Na hana kowa taɓawa. Ki nemi hutu ki zo ki sauko mini da su da hannunki. Ni ba zan ƙara hawa ba.

Baffanki